Mutum na Tara a Kusurwar Arlys

Shekara talatin da ɗaya Merle Vondracek ya yi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara a ƙaramar hukumarsu da ke jihar Iowa, kuma a cikin shekarun nan ya gaisa hannu da hannu da mutum arba'in da uku masu neman shugabancin Amurka. Shi da kansa ya ƙirga. Yana cewa ba don alfahari yake faɗa ba, amma idan ka zauna kusa da shi zai maimaita maka kafin kofinka ya huce. Daga cikin arba'in da ukun nan ya tsaya wa bakwai a zaɓen fidda gwani. Ko ɗaya bai kai labari ba. A garejin ma'aikatan hanya har sun ce duk ɗan takarar da ke da hankali, Merle ya kamata ya fara nema, ya roƙe shi ya je ya tsaya wa abokin hamayyarsa.

Haka muke a Iowa. Duk bayan shekara huɗu manyan ƙasar nan sukan tuna muna raye, domin a wurinmu ake fara tace 'yan takara. Sai ka ga gwamna ya cire kwat yana juya nama a kasuwar baje koli, sanata na tsugune yana tambayar manomi lafiyar masara. Mu kuma sai kai ya kumbura. Ka tambayi tsohuwa wa za ta zaɓa, ta ce ba ta yanke ba tukuna, sau biyu kacal ta ga mutumin. Washegarin zaɓe kuwa ko ƙurarsu ba za mu sake gani ba, sai kwalayen hotunansu da iska ke yawo da su a gonaki, waɗanda Merle ke turewa gefen titi tare da ƙanƙara.

An haife shi a gonar mahaifinsa, arewa da garin Tabor Mills. Gonar ta suɓuce musu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a lokacin da gonaki da yawa suka suɓuce wa masu su, kuma 'yan siyasar da suka zo suka yi jawabi a kan abin sun fi gonakin da aka ceto yawa. Tun daga nan ya daina sauraron jawabi. Ba ya karanta takardar manufofin kowa. In ɗan takara ya buɗe baki a rediyon motarsa, sai ya murɗa zuwa hasashen yanayi, wanda shi ma ƙarya yake yi, amma aƙalla gobe za ka kama shi. Ma'auninsa ɗaya ne: me mutum ya yi da hannunsa, shi yana gani. Maganar da ya yarda da ita a duniya tasa ce kawai. In Merle ya ce zai zo ƙarfe shida, to ka ɗora ruwan kofi shida saura kwata.

Matarsa Arlys ita ke dafa abinci a gidan kula da tsofaffi na garin, shekara ashirin da shida ke nan. Ba ta taɓa damuwa da siyasa ba. Tana raka shi taron zaɓe ne kamar yadda ake raka mutum asibiti, ta tsaya inda ya tsaya, su faɗi tare, su koma gida. Sai a wannan karon abin ya sauya. Wata sanata mai suna Whitlow ta zo gidan tsofaffin a watan Yuni, ta bar manyan gidan a ofis, ta shiga kicin ta zauna da masu girki da masu wanke tsofaffi har awa biyu, tana tambaya tana rubutawa. Arlys na cikinsu. Bayan kwana uku ta sayi takalmi mai ƙwari.

Wata takwas ta yi tana bin gida-gida bayan ta tashi aiki. Kare ya bi ta sau biyu. An rufe mata ƙofa a fuska, har da matar da ta dafa wa uwarta abinci shekara shida. A garinmu in ka shawo kan mutum, wani ɗan kati kake ba shi ya sa hannu cewa zai fito ranar zaɓe ya tsaya wa ɗan takararka. Arlys ta tara kati goma sha takwas, ta ɗaure su da roba ta ajiye a gwangwanin sukari. Na mijinta babu a ciki, domin shi ya riga ya ba da nasa.

Yadda abin ya faru, a farkon Disamba wata motar 'yan kamfe ta zame ta faɗa ramin gefen hanya, wajen gadar rafi. Merle ya iso da motarsa ya tarar da samari uku tsaye suna latsa waya, wani dattijo kuma a durƙushe gaban taya yana haƙa da shebur. Ya tsaya ya kalli haƙar. Mutumin ya iya: ya share gaban tayoyin gaba, ya yi musu hanya a karkace, sannan ya tambayi Merle ko yana da yashi. Babu mai ɗaukar hoto ko ɗaya. Bayan an jawo motar ne ɗaya daga cikin samarin ya ce ai wannan Gwamna Lockridge ne, ɗan takarar da suke yi wa kamfe. Gwamnan bai roƙi ƙuri'a ba. Ya sha kofi daga murfin filas ɗin Merle, ya yaba ƙarfin sarƙarsa, ya juya zai tafi. Merle ne ya ce a kawo kati.

Da ya ba Arlys labari, ta ajiye cokali ta tambaye shi ko ya san abin da Lockridge ke cewa zai yi da aikin hanya. Bai sani ba. Ta gaya masa mutumin so yake a miƙa wa 'yan kwangila duk wani aikin titi na ƙananan hukumomi, wato a sallami irin su Merle. Ya haɗiye lomarsa. Sannan ya ce ai dukkansu faɗa suke yi ba sa aikatawa, saboda haka wannan ma ba zai aikata ba, shebur ɗin kuwa da idonsa ya gani.

"To Allah ya ba ka lafiya, tsoho," in ji Arlys. Ta ci gaba da cin abincinta.

A gareji, Duane Oltmann, bakaniken da ke gyara musu motoci, shi ne abokin gardamarsa. Duane na bayan wani attajiri ne da suke kira Mai Haƙora, saboda duk lokacin da ka kunna talabijin haƙoransa za ka fara gani. Amma gardamarsu ba a kan mutum take ba, a kan tsarin ne. Duane yana ganin zaɓen 'yar tinƙen da jam'iyyarsu ke yi wahalar banza ce. A tara mutane a ɗaki ɗaya, ƙarfe bakwai na yamma, tsakiyar hunturu, kowa ya tashi ya tsaya a kusurwar gwaninsa, maƙwabcinka na kallonka, mai gidan hayarka na kallonka. Ya ce matarsa tana aikin yamma a kamfanin ƙwai, shekara goma sha tara ba ta taɓa samun zuwa ba, to ita ba 'yar ƙasa ba ce? A wasu jihohin akwati ake ajiyewa tun safe har yamma, ka shiga bayan labule, ka jefa, ka fita, ba wanda ya san cikinka.

Merle ya ce bayan labule wurin matsorata ne. Ya ce a can ɗan takara ba ya ganin kowa, talabijin kawai yake saya, wanda ya fi kuɗi ya fi haƙora. A nan kuwa dole ya zo ya zauna a falon mutum, ya ci kek ɗin da ya ƙone, ya amsa tambayar wanda ba ya tsoronsa. Wanda ba shi da ko sisi ma, in yana da ƙafa da haƙuri, zai iya tasowa daga nan. Duane ya ce to ga shi shi Merle ya gansu ido da ido har arba'in da uku, wa ya taɓa cankowa daidai? Ya ƙara da cewa zamanin kakanninsu manyan jam'iyya ne ke kulle ɗaki su fito da suna, kuma bai ga alamar waɗanda suka fito da su sun fi na yanzu lalacewa ba. A nan Merle yakan tuna yana da aiki a waje.

Saura kwana biyar zaɓe, Lockridge ya janye. Ya tsaya gaban 'yan jarida a jiharsa ya gode wa kowa, ya ce lokaci bai yi ba. Arlys ta gani a talabijin, ta faɗa wa Merle da ya shigo yana kakkaɓe takalmi. Ba ta yi murna a fili ba, amma ta ɗauko sabon kati ta ajiye kusa da farantinsa, da biro a kai.

Ya kalli katin, ya ture shi da bayan hannu zuwa wajen gishiri. Ya ce shi ya riga ya sa hannu cewa zai tsaya wa Lockridge ranar Litinin, ranar zaɓe. In mutumin ya fasa, wannan tsakaninsa ne da kunyarsa. Shi dai bai taɓa ba da magana ya janye ba, ba kuma zai fara da shekara hamsin da takwas ba.

"Merle, mutumin ya tafi gida."

"Ni bai gaya mini ba."

"Yana da lambarka ne?"

"Tana jikin katin," in ji shi. Kuma da gaske yake.

Ranar Litinin aka tashi da dusar ƙanƙara. Merle ya fita tun da sassafe, ya share babban titi da hanyar makaranta da hanyar kamfanin ƙwai, kamar yadda aka tsara masa. Da rana Arlys ta kira shi ta roƙe shi ya bi ta hanyar tsakuwa ta bayan coci, domin mutanenta uku suna can, duk tsofaffi. Ya ce hanyar ba ta cikin nasa sai gobe da safe, kuma in ya fara share hanya don siyasa, gobe wani ma zai yi. Gaskiya ya faɗa. Ta kashe wayar ba sallama.

Ana taron ne a ɗakin wasan ƙwallon kwando na makarantar firamare. Malama Brandt ce ke shugabanta, tsohuwar malamar da ta koyar da rabin garin, har da Merle, kuma har yau da cikakken suna take kiran kowa. Ƙarfe bakwai daidai ta sa aka rufe ƙofa. Aka ƙirga kawuna, mutum hamsin da takwas. Garin kuwa yana da mutum fiye da dubu. Ta ɗauki alli ta rubuta lissafin a allo yadda kowa zai gani: duk kusurwar da ba ta kai kashi goma sha biyar cikin ɗari ba, ba za ta sami wakili ba, sai dai mutanenta su watse su shiga wata. A daren nan ke nan, mutum tara ake bukata.

Ta ce a tashi. Kujeru suka yi ƙara. Mutanen Mai Haƙora suka cika ƙarƙashin kwandon gabas, suna da riguna iri ɗaya da tire biyu na kolace mai zafi, wani ɗan burodi mai zaƙi da ake cusa wa 'ya'yan itace ko cuku, da aka sayo a gidan burodi. Mutanen wani ɗan takara da ake kira Farfesa suka taru wajen matattakala. Arlys ta manna hoton Whitlow a jikin ƙofar ɗakin ajiye ƙwallaye ta tsaya ƙarƙashinsa. Merle ya duba ko'ina bai ga inda aka ware wa Lockridge ba, sai ya je wajen famfon shan ruwa na yara, wanda bai wuce gwiwarsa ba, ya tsaya, ya zuba hannuwa cikin aljihu.

Malama Brandt ta dube shi ta saman tabarau.

"Merle Vondracek, ƙishirwa kake ji ko tsayuwa kake yi?"

"Tsayuwa, Malama. Lockridge."

Ɗakin ya yi dariya, ba mai yawa ba, domin kowa ya san shi ke share masa hanya. Malama ta rubuta a allo ba tare da ta yi murmushi ba: Mai Haƙora ashirin da bakwai, da sunansa na gaskiya ta rubuta, Farfesa ashirin da biyu, Whitlow takwas, Lockridge ɗaya.

Takwas. Daga cikin masu katin Arlys, biyar suna bakin aiki, uku a gidan tsofaffin, biyu a kamfanin ƙwai. Ukun hanyar bayan coci ba su iya fitowa ba. Ɗaya ba ta sami mai riƙe mata jariri ba. Biyu kuma sun zo, sun ma gaishe ta a bakin ƙofa, amma da suka hango manajansu na kamfanin ƙwai tsaye ƙarƙashin kwandon gabas yana ɗaga musu hannu, sai ƙafafunsu suka kai su can. Suna tsaye a bayan layi suna kallon takalmansu. Ya rage bakwai, ita ta takwas.

Malama ta ce an ba da minti ashirin, waɗanda ba su kai tara ba su sake shawara, saura kuma su je su yi zawarcinsu.

Wannan shi ne sashen da Merle ke yabo a gareji, inda maƙwabci ke fuskantar maƙwabci da hujja. Wanda ya fara iso masa da hujja Duane ne, riƙe da kolace biyu a kan takarda. Ya ce ga mai ceri ga mai cuku, ya zaɓa, kuma a kusurwarsu akwai kujera mai jingina. Merle ya karɓi mai ceri ya cinye, ya ce ba zai zo ba. Sai wani likitan dabbobi daga ɓangaren Farfesa ya zo ya yi masa bayanin haraji na minti huɗu, Merle yana kallon agogon bango. Bayansa matar fasto ta zo ta tuna masa cewa ita ta kai musu miya lokacin da aka yi masa aikin gwiwa. Ya gode mata da miyar. A rayuwarsa ba a taɓa nemansa haka ba, kuma abin kunyar shi ne ya ji daɗi. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan turo ƙirji. Mutum ɗaya tilo a duk ɗakin da ya riƙe maganarsa, yana tsaye gadin famfo saboda wani da a wannan lokacin wataƙila yana gida yana cin abincin dare.

Arlys ba ta zo ba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Tana can tana tare mutanenta, domin su ma an yi musu ca. Likitan dabbobin ya koma kan wani tsohon ma'aikacin gidan waya, matar fasto ta kama hannun wata ma'aikaciyar jinya tana yi mata magana a kunne. In ɗaya ya ɓalle, shi ke nan, saura za su bi. Arlys ta je wajen ma'aikatan kamfanin ƙwan nan biyu, ta tsaya gabansu ta yi magana a hankali. Ɗayar ta girgiza kai, ta saci kallon manajan. Arlys ta dafa kafaɗarta ta dawo.

Merle yana ganin komai daga wajen famfo. Ya ga ta koma kusurwarta ta ɗaga yatsa tana ƙirga mutanenta, leɓɓanta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta sake farawa daga ɗaya ɓangaren, kamar lissafin zai sauya in an biyo ta hagu. Ta ƙirga sau uku. A na ukun ta manta kanta, ta sami bakwai, ya ga fuskarta ta sauya kafin ta tuna ta nuna ƙirjinta.

Duane ya dawo, wannan karon ba kolace. Ya jingina da bango kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Kai fa jaki ne, ka sani ko?"

"An sha gaya mini."

"Ni ina son ka zo wajenmu, kar ka ji wai. Amma kai ne kullum kake cika mana kunne da wanda ya yi aiki da hannunsa. Gwamnanka haƙar minti goma ya yi. Matar can wata takwas tana taka garin nan da ƙafarta, har ƙofata ta buga sau biyu, na kore ta sau biyu. Kai a ina idonka yake?"

Merle ya ce ai ya sa hannu.

"To ka ci gaba da gadin famfo," in ji Duane, ya tafi.

Malama Brandt ta ce saura minti uku. Tsohon ma'aikacin gidan wayan ya ɗauki kwat ɗinsa daga kan kujera, ya rataya a hannu, yana kallon ɓangaren Farfesa. Arlys ta ga haka. Ta juya ta fara ɓanɓare hoton Whitlow daga jikin ƙofa, a hankali, kusurwa ɗaya bayan ɗaya, don kada ya yage.

Daga famfo zuwa ɗakin ƙwallaye taku ashirin ne ko ƙasa da haka, amma ta tsakiyar fili ake bi, inda babu kowa. Takalman aikin Merle jiƙe suke, kuma daɓen katakon nan ba ya rufa wa kowa asiri. Kowane taku sai da ya yi ƙara. Kowa ya waiwayo. Wani daga kwandon gabas ya ce a rubuta ranar, Vondracek ya sauya magana. Wata ta ce Whitlow ta shiga uku, tunda Merle ya tsaya mata ta gama faɗuwa. Aka yi dariya sosai wannan karon. Bai waiwaya ba. Ya isa ya tsaya kusa da ma'aikacin gidan wayan, ya dube shi, mutumin ya mayar da kwat ɗinsa kan kujera.

Arlys ta tsaya da hoton a hannu, rabinsa a manne. Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Ka ɓata hanya ne?"

"Ƙirga ki gani."

Ta danna hoton ya koma jikin ƙofa. Ba ta ƙirga ba, Malama Brandt ce ta zo ta ƙirga, tana taɓa kafaɗar kowa kamar 'yan aji ɗaya. Tara. Ta goge takwas a allo ta rubuta tara, ta goge sunan Lockridge gaba ɗaya da gefen hannunta. Da aka raba wakilai shida na mazaɓar, Mai Haƙora ya sami uku, Farfesa biyu, Whitlow ɗaya.

Merle ya ɗauka an gama, har ya fara laluben makullin mota. Sai Malama ta ce kowace kusurwa ta fitar da wanda zai wakilce ta a babban taron ƙaramar hukuma, wata Asabar cikin watan Maris, daga tara na safe har sai abin da hali ya yi. A kusurwar Whitlow aka fara kallon juna. Ma'aikaciyar jinyar ta ce tana aiki ranar Asabar. Ma'aikacin gidan wayan ya ce bayansa ba ya jure dogon zama. Arlys ma ranar Asabar take dafa wa mutum arba'in abinci. Sauran suka sami abin kallo a rufin ɗakin. Arlys ta kama hannun Merle ta wuyan riga ta ɗaga sama. Hannu takwas suka tashi kafin ya buɗe baki. Ya ce shi ko abu ɗaya bai sani ba game da matar nan. Arlys ta ce ai bai san komai game da Lockridge ba ma, kuma hakan bai hana shi ba.

A hanyar gida suka bi ta coci. Ya rage gudu a bakin hanyar tsakuwar, ya kalli yadda ƙanƙara ta toshe ta, ya ce gobe da ita zai fara. Ta ce ta sani, ai tana cikin nasa gobe.

Bayan kwana tara Whitlow ta janye, bayan ta zo ta biyar a zaɓen jiha ta gaba. A gareji Duane ya rubuta takwas da man inji a jikin ƙofar motar Merle, wato sabon adadin waɗanda ya tsaya wa suka faɗi. Jaridar ƙaramar hukuma ta buga sakamakon kowace mazaɓa da ƙananan haruffa, Arlys ta yanke layin Tabor Mills, inda aka rubuta Whitlow da ɗaya a gabanta, ta manna a jikin firij. Ma'aikatan kamfanin ƙwan nan biyu sun daina bin layin da take bi a kanti, har sai da ita ta tare su ta gaishe su.

Ranar Asabar ɗin Maris Merle ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita ya tafi. Aka rataya masa kati a wuya da sunansa, da na Whitlow a ƙasa. Ya zauna awa shida a kujerar ƙarfe yana sauraron mutane suna gardama a kan ko a sa waƙafi a wani sakin layi na ƙudurin jam'iyya. Da aka zo rabuwa kusurwa-kusurwa, wakilan Whitlow su huɗu ne a duk ƙaramar hukumar, aka ce ba su kai ba, su nemi inda za su shiga. Ukun suka watse nan take. Merle ya fita baranda ya kira gidan tsofaffi, ya ce a ba shi kicin. Yana jin ƙarar tukwane kafin ta ɗauka.

"Sun ce mu watse. Ina zan tsaya?"

"Ni kake tambaya?"

"Kujerar taki ce. Ni aro aka ba ni."

Ya ji tana ce wa wata ta sauke dankalin. Sannan ta ce ya je wajen Farfesa, amma kafin ya tsaya musu, ya sa su saka maganar albashin masu kula da tsofaffi a cikin ƙudurin, a rubuce, ya gani da idonsa. Ya ce shi bai iya irin wannan maganar ba. Ta ce takardar tana aljihun rigarsa na ciki, ita ta sa tun jiya, ya karanta musu kawai.

Ya laluba ya same ta, an ninke ta huɗu, da rubutun hannunta. Ya nemi tabaransa ya tuna ya bar shi a mota. Ya tsaya a barandar yana nesanta takardar da fuskarsa iyakar tsawon hannunsa, yana haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya karanta sau biyu don kada ya yi tuntuɓe a gaban mutane. Sannan ya koma ciki neman mutanen Farfesa.